Gasar ƙwallon raga ta Italiya daga 1946 zuwa yau: me ya sa zakarunta ke mutuwa?

Malam Nasiru:
Salamu alaikum jama'a. Ga abin da nake so mu tattauna. Duk wanda ya duba jerin zakarun babbar gasar ƙwallon raga ta maza a Italiya, wadda yanzu ake kira SuperLega, zai ga wani abin mamaki. Treviso ta ci kofin sau 9 tsakanin 1994 da 2007, yau ba ta cikin gasar. Parma ta yi zamaninta, babu ita. Torino babu, Bologna babu, Firenze babu. A ƙwallon ƙafa da wuya ka ga mai kofi tara ta ɓace haka kamar an share ta da tsintsiya. Mene ne a ginin gasar nan da ke cinye manyanta?

Koci Bala:
Wa alaikumus salam Malam. Sai an faro daga tushe. An kafa hukumar ƙwallon raga ta Italiya, FIPAV, a Bologna a watan Maris na 1946, kuma a shekarar aka buga gasar farko a Genoa cikin 'yan kwanaki kawai. Robur ta garin Ravenna ce ta ci, ta maimaita a 1947, 1948 da 1949, ta sake ci a 1952. Ba banza Ravenna ta riga kowa ba. A Porto Corsini da ke gefenta sojojin Amurka suka yi sansanin jiragen sama a ƙarshen yaƙin duniya na ɗaya, su ne suka zo da wasan yankin.

Ku dubi su wane ne zakarun farko. Waɗanda suka ci a 1950 da 1951 ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa ce ta Parma. Ruini ta Firenze, mai kofi 5 tsakanin 1964 da 1973, ta 'yan kwana-kwana ce. Wato tun ran gini, ƙungiya tana rataye ne a wuyan wata ma'aikata ko kamfani, ba a wuyan 'yan kallo ba. Amsar tambayarka tana nan, sauran duk bayani ne.

Hajiya Rabi:
Koci ya tsallake abin da ya fi ban mamaki a wancan zamani. Daga 1953 zuwa 1963, shekara 11 a jere, kofin bai fita daga garin Modena ba, kuma ƙungiyoyi uku ne daban suke karɓa-karɓa: Minelli ta ci 3, Villa d'Oro 3, Avia Pervia 5. Idan aka haɗa da na Ravenna da Parma, kofuna 18 na farko duk a yankin Emilia-Romagna suka tsaya. Sai 1964 ya fita.

Kuma a lura, duka ukun nan ba ɗaya daga cikinsu ce Modena da muka sani a yau ba.

Abba Ƙarami:
Hajiya a nan na rikice. Wani wuri na ga Modena na da kofi 12, wani wuri 23. Wanne ne daidai?

Hajiya Rabi:
Duka biyun, Abba. Ƙungiyar yanzu an kafa ta ne a 1966, 'yan gidan Panini suka kafa ta, masu kamfanin nan na hotunan 'yan ƙwallo da yara ke liƙawa a littafi. Ita ce mai 12: 1970, 1972, 1974, 1976, sai huɗu a jere daga 1986 zuwa 1989, sai 1995, 1997, 2002 da 2016. Ka ɗora 11 na ƙungiyoyin da suka gabace ta, garin na da 23. Franco Anderlini, wanda ya horar da Avia Pervia, shi ne ya fara riƙe Panini, shi ya sa ake ganin kamar abu ɗaya ne.

Wani abin da zai ƙara rikita ka shi ne suna. A gasar nan ƙungiya na ɗaukar sunan kamfanin da ke ɗaukar nauyinta. Modena ɗin nan an kira ta Panini, Philips, Daytona, Casa Modena, Kerakoll, Trenkwalder, DHL, Azimut, Leo Shoes. Parma ta zama Santal, sunan lemon kwali, daga baya Maxicono, sunan askirim. Idan kana bin tarihi, bi sunan gari, ka bar na kamfani.

Alhaji Garba Mai Lissafi:
Bari in jero matakan da tsarin ya bi, don da yawa na ɗauka SuperLega ta daɗe da wannan suna. A kakar 1977/78 aka raba rukunin farko gida biyu, A1 da A2. A 1981/82 aka shigo da wasannin fitar da gwani bayan an gama zagayen gida da waje, Parma ce ta fara cin kofi ta wannan hanya. A 1987 ƙungiyoyin suka kafa majalisarsu, Lega Pallavolo Serie A, wadda ke tafiyar da gasar, hukuma kuma ta riƙe alƙalan wasa da ƙungiyar ƙasa. Sunan SuperLega a kakar 2014/15 ya zo. A 2019 aka ƙara rukuni na uku, A3. A 2020 ba a ba kowa kofi ba saboda korona.

A 'yan shekarun nan ƙungiyoyi 12 ne, kowa ya buga wasa 22, takwas na sama su shiga fitar da gwani, na ƙarshe ya sauka A2.

Koci Bala:
Alhaji ka bar ni da 1986 zuwa 1989, nan ne zuciyar labarin. Julio Velasco, ɗan Ajantina, ya zo Italiya a 1983 ya kama ƙaramar ƙungiya a Jesi, a 1985 Panini ta ɗauke shi, ya ci kofi huɗu a jere. A 1989 aka ba shi ƙungiyar ƙasa. Cikin shekarar ya ci kofin Turai, ya ci na duniya a 1990 da 1994, ya ƙara na Turai a 1993 da 1995. Na Olamfik ne kaɗai ya ƙi a wancan lokacin, Holan ta doke su 3-2 a wasan ƙarshe na Atlanta a 1996, turmi na biyar 17-15. Bernardi, Lucchetta da Cantagalli duk 'yan Modena ɗinsa ne, Zorzi da Giani daga Parma suka zo.

Abin da ya canja ba sihiri ba ne, aunawa ce. Kowace taɓa ƙwallo a rubuta ta a ba ta daraja. Ɗauki tarbar sabis: idan ƙwallo ta iso hannun mai ɗagawa daidai gaban raga, yana da zaɓi huɗu, na tsakiya, gefe biyu, da mai dukan baya. Idan ta tsaya mita uku daga raga, na tsakiya ya fita daga lissafi. Idan ta yi nisa, sai dai a ɗaga ta sama gefe, kuma katangar mutum biyu ko uku na jiran mai duka. To idan ka san kashi nawa na tarbar kowane ɗan wasa ke faɗawa kowane aji, ka san wanda za a yi wa sabis, ka san kuma me za a maimaita a atisaye. Manhajar Data Volley da ake amfani da ita a manyan gasannin duniya a Italiya aka ƙirƙire ta. Ni a ganina koyarwa ce ta ɗaga gasar nan.

Alhaji Garba Mai Lissafi:
Koci, ban ƙi ta taka ba, amma kana ba mutum ɗaya abin da ba nasa kaɗai ba. Kafin Velasco ya taka Italiya, ƙasar ta zo ta biyu a gasar duniya ta 1978 a Roma ƙarƙashin Carmelo Pittera, wanda a shekarar ya ci kofin gida da Catania. Torino ta Silvano Prandi ta ci kofin zakarun Turai a 1980, lokacin da kofin ke hannun ƙasashen gabashin Turai, Prandi kuma ya kawo tagulla daga Olamfik na 1984. Parma ta ci na Turai a 1984 da 1985. Ƙasa ta riga ta jiƙa, shi ya zo ya yi shuka.

Sannan kuɗi. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990 manyan attajirai suka afko. Berlusconi ya shigo da Mediolanum a Milano, rukunin kamfanonin Ferruzzi na Raul Gardini ya ɗauki Ravenna da sunan jaridarsu Il Messaggero, gidan Benetton na Treviso da sunan Sisley. A 1990 Ravenna ta ɗauko Karch Kiraly da Steve Timmons, Amurkawa masu zinaren Olamfik na 1984 da 1988, ta ci kofin gida a 1991. Daga 1992 zuwa 2000 kofin zakarun Turai tara a jere duk Italiya suka tafi: Ravenna 3, Modena 3, Treviso 3. Ba allo da alli kaɗai suka yi wannan ba, albashi ya yi.

Malam Nasiru:
To Alhaji, idan kuɗin ya kai haka, ina ya tafi?

Alhaji Garba Mai Lissafi:
Ya koma inda ya fito. Ka yi lissafin zauren wasa. PalaPanini na Modena, wanda ake ji da shi, kusan mutum 5,000 yake ɗauka. Wasannin gida 11 ne a zagayen farko, sai abin da aka samu a fitar da gwani. Ko kullum a cike yake, kuɗin ƙofa ba zai biya 'yan wasa 14 da masu horarwa da tafiye-tafiyen Turai ba. Kuɗin talabijin kuwa ba a kwatanta shi da na ƙwallon ƙafa. Saboda haka giɓin mutum ɗaya ke cike shi, mai kamfani. Ranar da kasuwarsa ta girgiza ko sha'awarsa ta kwanta, shi ke nan.

Rukunin Ferruzzi ya rushe a 1993, Ravenna ta ɗan ja da ragowar ƙarfinta sannan ta bar babban rukuni. 'Yan Panini sun sayar da Modena a 1993, aka yi sa'a wani mai masana'antar tayil ya saya. Benetton suka sanar za su janye daga ƙwallon raga da na kwando, Treviso ta buga kakar ƙarshe a Belluno, a 2012 ta fita daga babban rukuni, shekara biyar kacal bayan kofinta na tara. Cuneo ta ci kofi a 2010, a 2014 ta janye. Roma ta ci a 2000, ba a jima ba aka neme ta aka rasa. Yawancinsu ba ƙarewa a 'yan dagaji ne ya kore su ba. Mai gida ne ya ɗauke hannu.

Barista Hauwa:
Akwai ɓangaren doka da ya kamata a sani, don shi ke sa mutuwar ta zo da sauƙi. Muna cewa gasar ƙwararru, amma a dokar Italiya ƙwallon raga ba ta cikin wasannin ƙwararru. Doka mai lamba 91 ta 1981 ta bar wa kowace hukumar wasa ta zaɓa. Ƙwallon ƙafa ta shiga, babban rukunin kwando na maza ya shiga, FIPAV ba ta shiga ba. Don haka Bernardi, wanda hukumar duniya ta zaɓa tare da Kiraly a matsayin gwarzon ƙarni na 20, a takarda ɗan sha'awa ne. Wannan ya rage wa ƙungiyoyi nauyin haraji da fansho, ya kuma bar ɗan wasa ba shi da ƙwaƙƙwarar kariya idan albashi ya tsaya. Sai gyaran dokar wasanni da ya fara aiki a Yulin 2023 ne ya amince cewa mai karɓar kuɗi a wasa ma'aikaci ne, ko da hukumarsa ba ta ƙwararru ba ce.

Na biyu, gurbin gasa yana iya canja hannu. Trento ba ta hau daga A2 ba. An kafa ta a 2000, ta karɓi gurbin Ravenna a A1. Gari ɗaya ya kwana da babbar ƙungiya ya tashi babu, wani ya tashi da ita.

Abba Ƙarami:
Ikon Allah. Wato Trento da ake ta yabo sayen kujera ta yi?

Koci Bala:
Ta sayi kujera, amma ba ta sayi kofi ba, Abba. Shekara takwas ta yi kafin na farko a 2008, da Radostin Stoytchev a benci da Matey Kaziyski a fili, duka 'yan Bulgeriya. Daga nan ta ci zakarun Turai uku a jere, 2009, 2010, 2011, da kofin duniya na ƙungiyoyi huɗu a jere daga 2009 zuwa 2012. Abin da ya bambanta ta da masu mutuwa shi ne renon yara. Simone Giannelli yana da shekara 18 ya ɗaga mata ƙwallo har ta ci kofin 2015. Alessandro Michieletto ma a gidan ya tashi. Ƙungiyar da ke fitar da nata, ranar da kuɗi ya ragu ba ta faɗi warwas. A 2025 ta ci kofinta na gida na 6.

Lube kuwa ita ce misalin mai gida da bai gaji ba. Kamfanin kayan kicin ne a Treia, garin da mutanensa ba su kai 10,000 ba. Ta yi wasa a Macerata, ta koma Civitanova, ta tara kofi 7 daga 2006 zuwa 2022. Perugia ma haka, Gino Sirci da kamfaninsa na kayan kariyar ma'aikata.

Malam Nasiru:
Amma Koci, ai Treviso ma tana da renon yara mai kyau, bai hana ta tafiya ba.

Koci Bala:
Gaskiya ne Malam, na karɓa. Reno na rage kuɗin sayen 'yan wasa, ba ya maye gurbin mai biyan albashi.

Hajiya Rabi:
Ai dalilin kafa SuperLega ke nan a 2014. Ƙofar sauka a rufe take, aka ce sai mai lasisi, wato a nuna zauren wasa da ya cika sharaɗi da shaidar kuɗi. Tunanin shi ne mai zuba jari ya samu natsuwa, ya san ba zai faɗa A2 da kaka ɗaya mara kyau ba. Illar ta fito da wuri: daga tsakiyar kaka, ƙungiyoyin ƙasan teburi ba abin da suke nema, ba abin da suke tsoro, wasanninsu suka zama na cika jadawali. Bayan 'yan shekaru aka dawo da sauka.

Sun yi wani gwajin ma kafin nan. A 2010, 2011 da 2012 wasa ɗaya tak aka yi na ƙarshe a filin da ba na kowa ba, suka kira shi V-Day. Cuneo ta doke Trento a Bologna, Trento ta rama a Roma, Macerata ta doke Trento 3-2 a Milano. Ya yi kyau a talabijin, amma ya hana ƙungiyoyi biyun kuɗin ƙofar wasanninsu mafi tsada a gida, kuma wanda ya fi kowa duk kaka ya rasa fifikon gidansa. A 2013 aka koma wanda ya fara cin uku cikin biyar.

Abba Ƙarami:
Yadda ake ba da maki fa? Na ga wata ƙungiya ta sha kashi an ba ta maki ɗaya.

Alhaji Garba Mai Lissafi:
Wanda ya ci 3-0 ko 3-1 yana da maki 3, ɗayan ba komai. Idan aka kai turmi na biyar, mai nasara 2, wanda aka ci 1. Saboda haka wanda ya fi yawan nasara na iya zama ƙasa da wanda ya fi shi cin wasa da tsabta. Misali, nasara 14 duk a turmi na biyar maki 28 ne, nasara 10 na 3-0 maki 30 ne.

Kuma teburin ba ya ba da kofi, jeri kawai yake tsarawa, na ɗaya da na takwas, na biyu da na bakwai. Perugia a 2022/23 ta ci wasa 22 cikin 22, sannan Milano da ta zo ta takwas ta fitar da ita a zagayen farko na fitar da gwani. Trento ta ɗauki kofin. A kaka ta gaba Perugia ta ɗauko kocin da ya ci wa Trento, Angelo Lorenzetti, ta ci na 2024. Mutumin nan ya ci kofin da Modena sau biyu, da Piacenza, da Trento, da Perugia.

Koci Bala:
Wani abu ga masu kwatanta zamanin Zorzi da na yanzu: ba wasa ɗaya ba ne. A da turmi 15 ne, kuma sai mai sabis ke samun maki. Idan ka ci ƙwallo ba kai ka yi sabis ba, sabis ɗin kawai ka ƙwato. Wasa na iya wuce awa uku, gidan talabijin bai san lokacin tashi ba. A ƙarshen shekarun 1990 aka koma kowace ƙwallo maki ce, turmi 25, na biyar 15, da ratar biyu. A 1998 aka shigo da libero, mai riga daban, wanda ba ya sabis, ba ya duka sama da raga, kuma shigarsa da fitarsa ba sa cikin canji shida na turmi. Sakamakon haka na tsakiya ya daina tarba, sai aka fara neman dogo zalla a wurin. Irin Giani da ya buga tsakiya, ya buga gefe, ya buga kishiyar mai ɗagawa, yanzu da wuya tsarin ya fitar da shi.

Barista Hauwa:
Sai ƙa'idar baƙi, wadda ke tsara yadda ake gina ƙungiya. Dole a samu 'yan Italiya aƙalla 3 cikin bakwai, wato shida na fili da libero. Kujeru huɗu na baƙi ne, kuma yawanci a kan masu cin maki ake kashe su, kishiyar mai ɗagawa da masu dukan gefe. 'Yan gida su cike tsakiya da libero. Matsala biyu ke biyo baya. Koci ba ya iya cire ɗan Italiya ya sa baƙo sai ya yi wani canjin da zai daidaita lissafi, don haka benci ma sai an gina shi da fasfo a hannu. Sannan ƙungiyar ƙasa na rasa masu duka. Yuri Romanò ya ci kofin Turai na 2021 da Italiya bayan kakar da ya buga a A2 da Siena, alhali a lokacin bai taɓa buga SuperLega ba.

Malam Nasiru:
Duk da haka sun ci kofin duniya a 2022 a gidan Folan, sun sake ci a 2025 a Filifin, kuma De Giorgi da ke horar da su yana cikin 'yan wasan Velasco. Kenan ƙa'idar ba ta kashe su ba.

Barista Hauwa:
Ba ta kashe su ba Malam, don wanda ya ƙwaci gurbi a gaban irin su Wilfredo León da Earvin Ngapeth ya riga ya gasu. Baƙi tsohon abu ne a gasar. Kim Ho-chul na Koriya ta Kudu ya ɗaga wa Parma ƙwallo a farkon shekarun 1980. Ivan Zaytsev a Spoleto aka haife shi a 1988 saboda mahaifinsa, mai ɗagawar Tarayyar Sobiyet, yana wasa a can. Masu son ganin ɗan yankinmu su duba Noumory Keita na Mali, wanda ya zo Verona a 2022 bayan ya yi suna a gasar Koriya.

Hajiya Rabi:
Abin da ba a taɓo ba shi ne taswira. Cikin duk kofunan nan, ɗaya ne tak ya je kudancin Italiya, na Catania a 1978. Manyan birane ma ba su riƙe ba: Torino rabonta tun 1984, Roma tun 2000. Trento, Civitanova, Perugia, Modena, Piacenza, duk matsakaitan garuruwa ne masu masana'antu na iyali, inda mai kamfani zai zama babban mutum da kuɗin da ba zai saya masa ɗan wasan benci a ƙwallon ƙafa ba.

Abba Ƙarami:
Na mata fa Hajiya? Paola Egonu da iyayenta 'yan Najeriya ne, a SuperLega take?

Hajiya Rabi:
A'a, ta mata Serie A1 ce, majalisarta daban, kuma ita ma 1946 ta fara. Buɗe mata zare na daban, Abba, don akwai zance: Teodora Ravenna ta ci kofi 11 a jere daga 1981 zuwa 1991, Conegliano kuma lokacin Egonu na can ta yi wasa 76 a jere ba a doke ta ba.